Muryar Malam a Faifan da Na Zaɓa

Talata Mafara,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yayana Zaharaddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali, da zaman Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare mana kai. Mu nan sai godiya. Inna tana Garbadu, ƙafar ta yi sauƙi, har tana fita duba tumakinta. Ƙanwarmu Taibatu ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, na kira ka sau biyu na kasa faɗa, shi ya sa na rubuto. Ka san kaset-kaset ɗin tafsirin mahaifinmu Malam, Allah Ya jiƙansa, na azumin shekara ashirin da bakwai, waɗanda suka cika akwati uku a zaure. Da na ga sun fara fumfuna, na kwashe su na kai wa Isa mai gyaran kwamfuta a nan Mafara ya juye su cikin kwamfutata. Ma'adanarta ta yi kaɗan, sai ya ce in zaɓi sabuwa cikin biyu. Ɗaya mai faifai ce da ke juyawa a ciki, tana da wuri sosai, amma ba ta son faɗuwa, musamman tana cikin aiki. Ɗayar kuma, wadda suke kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinta, ko ta faɗi ba ruwanta, sai dai wadda yake da ita ƙarama ce, dole ya matse muryar kafin duka su shiga. Ya rantse mini kunne ba zai ji bambanci ba.

Ka san halina da taurin kai. Ina jin an ce za a matse muryar Malam, raina ya ɓaci. Na ce ko tarin da yake yi tsakanin aya da aya ban yarda a rage ba, a sa mini mai faifan. Isa ya ce to in yi kwafi na biyu in ajiye wani wuri, na ce sai bayan salla. Wata huɗu ya yi yana juyewa. Da aka gama, Baffa Malami ya ce bai dace a bar kaset masu ɗauke da ayoyi yara suna jan zarensu a tsakar gida ba. Ya ƙone su kamar yadda ake yi wa tsofaffin takardun Alƙur'ani, ya binne tokar a bayan zaure. Ina tsaye aka yi, har na ce Allah Ya saka masa da alheri.

Wata Juma'a a watan jiya na kai kwamfutar Garbadu don Inna ta ji. Matan unguwa suka cika gidan, aka kife turmi na ɗora ta a kai don na baya su ji. Malam yana cikin Suratu Yusuf, Inna tana share hawaye, sai akuyar maƙwabta ta shigo a guje ta ture turmin. Tun daga nan ba abin da ke fita sai wani ƙas-ƙas kamar ɓera a rumbu. Isa ya buɗe, ya ce allurar da ke karanta faifan ta karce shi. Ya aika Gusau, daga can aka aika Kano, duka amsar ɗaya ce, ba abin da za a iya cirowa. Ko sau ɗaya Isa bai ce mini "ai na faɗa miki" ba. Ba laifin akuya ba ne, Yaya, ba na Baffa ba ne. Ni aka tambaya, ni na zaɓa. Abinci ma ba ya shiga, in na tsaya gaban ɗalibai sai in manta abin da nake koyarwa.

Inna ba ta san muryar ta tafi ba. Kullum sai ta aiko a tambaye ni yaushe Malam zai dawo daga wurin gyara, haka take faɗa. Na zaga tsofaffin ɗalibansa a Bakura da Maradun, kowa ya ce nasa kaset ya daɗe da lalacewa.

Ka gaishe mini da Yaya Hindatu, da Mubarak da Jidda. Baffa Malami da Rabi suna gaishe ka. Don Allah ka binciki tsohuwar wayarka, ko akwai wani saƙon murya da ya taɓa aiko maka. Ko sallama ce kawai ya yi, ka turo mini, in samu abin da zan riƙe a hannu ranar da zan faɗa wa Inna.

Wassalam. Ƙanwarka,
Mufida