Kuɗin Dutsen Casilda

Tamayo, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Yudelka,

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki daga sanyin Madrid. Goggonki Fidelina na gaishe ki, haka 'yan zaman kantin Chepe.

Kada ki tsorata da rubutun nan da ya yi kama da sawun kaza. Kin san dama aji uku na yi aka sallame ni, yanzu kuma babban yatsana ya kumbura, ni na kumbura shi da kaina. Na ɗaga karta na maka a tebur yadda nake maka domino, ashe akwai wani ƙarfe da suke dasawa a bakin teburin don ajiye kofi. Ihun da na yi har masu gadi suka taso.

Za ki ce wane tebur. To, ranar Juma'a na tafi Santo Domingo da kuɗin da kika aiko na dutsen kabarin mamarki. Na tarar an rufe shagon, wai sai Litinin. Na sauka wurin ɗan kawuna Bienvenido, mai gadin ƙofa a wani otal da ke da gidan caca. Ya ce, "Tello, kai da ka gagari Tamayo a domino, poka ai wasan yara ne. Karta biyu a hannunka, biyar a tsakiya, shi ke nan. Ko tsoro kake ji, tsoho?" Na ce tsoron wa? Kin san ubanki.

Yudelka, wuri ne abin ƙyama. Ba taga, ba agogo, sanyi kamar firjin mahauta, shimfiɗar ƙasa na warin tsohuwar taba. Manyan mutane sun kewaye tebur ba mai ce wa wani uffan, kamar zaman makokin wanda ba a so. Suka ba ni burodi da cuku kyauta, takalmina ya fi shi laushi.

Amma na ci su! Na yi ta surutu ina dariya ina buga tebur, suka rasa gane kaina. Kafin in tashi, kuɗin ya ninka. Har na ce marmara zan saya wa mamarki Casilda, da ɗan mala'ika a kai.

Maganar dutse ana kanta. Ki riƙa cin abinci.

Babanki mai yatsa tara da rabi,
Eleuterio

*

Madrid

Baba,

Ka sa mini albarka. Ina fata yatsa ya saɓe.

Takardarka ta iso ta hannun Doña Mirtha da ta dawo daga gida. Na karanta Juma'a sau biyu. Na juya bayan takardar ina neman Asabar da Lahadi, ban gan su ba.

Goggo Fidelina ta ce ka dawo a bayan motar agade, ba dutse, ba agogo a hannunka, ka shige ɗaki ka ce zazzaɓi. Baba, kuɗin nan tsohuwa na ɗaga na wanke na sauya wa ƙyalle duk hunturu kafin na tara su. Saura wata biyu addu'ar cikar shekarar Mama, na riga na sayi tikiti. Mutanen gari za su biyo mu maƙabarta su tarar da ita ƙarƙashin gicciyen katako da aka rubuta sunanta da fenti.

Kada ka ba ni dariya. Ka gaya mini inda kuɗin suke.

'Yarka,
Yudelka

*

Tamayo

'Yata,

Allah Ya yi miki albarka. Yatsa ya saɓe, farce ya fita, mai yatsan ne bai warke ba.

Abin da ya sa na fi son takarda da waya shi ne, a takarda kina bari in kai ƙarshe. Ga Asabar da Lahadinki.

Asabar da hantsi na koma, don wai in ƙara kuɗin mala'ika. Wanda ya zauna daidai gabana wani likitan haƙori ne, Don Plinio, mai farar riga da murya kamar ta fada a coci. Ya ce, "Don Eleuterio, zauna mana, tun jiya nake kewar hirarka." Kin ji? Don. Kamar wani babban mutum, ni da ko mai neman bashi a wurina ba ya ce mini Don.

Kin san a domino wanda ke gabanka abokin wasanka ne, ku biyu kuke ci, ku biyu kuke faɗuwa. Bienvenido ya gaya mini a poka kowa maƙiyin kowa ne. Kunnena ya ji, jikina bai ji ba. Duk sanda na samu karta mai kyau sai in ɗago in kalli likita in ɗaga masa gira, ban ma san ina yi ba. Shi kuwa sai ya ajiye kartarsa ya ce, "Na bar maka, maigida." In ba ni da komai, in na sunkuyar da kai, sai ya tura kuɗi ya kore ni. Haka ribar Juma'a ta zube kamar ruwa a kwando. Da yamma na farfaɗo kaɗan a kan wani Bature mai barci, na ce to, Allah bai manta da ni ba. Kamar Allah Yana shiga irin wurin nan.

Lahadi, mutane na coci, ubanki na zaune da rigar da ya kwana biyu a ciki. Aka raba mini sarakuna biyu, na ukun ya fito a tsakiya. Na kalli likita. Ya daɗe yana tunani, ya yi ajiyar zuciya, ya girgiza kai a hankali. Yudelka, daidai yadda mamarki take yi in ba ta da dominon da za ta sa. Shekara talatin da wani abu ita ce a gabana a teburin Chepe, ko ranar da muka kwana da faɗa ba ta taɓa yi mini ƙarya da fuska ba. Na tura duk abin da ke gabana, har da kuɗin agogon da na jinginar. Ya ce, "Kash, Don Eleuterio," ya buɗe. Zi biyar yake da su, karta biyar iri ɗaya, sun fi sarakuna uku.

Yarinyar da ke raba karta ta share kuɗin zuwa gabansa da gefen hannu, kamar mai share ɓurɓushin burodi. Ya miƙo mini katinsa ya ce, "Haƙorinka na gefe yana son cikawa, ka zo zan rage maka." Na karɓa. Har godiya na yi. Wannan godiyar ce ta fi ba ni haushi har yau.

Bienvenido ya raka ni ƙofa yana cewa, "Ai da ka tashi tun Juma'a." Na ce, "Uwarka ma da ta tashi tun Juma'a." Ba ma magana yanzu.

Babu ko peso ɗaya. Ga gaskiyar.

Babanki, jakin Tamayo,
Eleuterio

*

Madrid

Baba,

Ka sa mini albarka, tunda haka Mama ta koya mini.

Na yi dariya a wuri ɗaya, kuma na ji haushin kaina. Ka zaunar da baƙo a mazaunin Mama, ka miƙa masa dutsenta.

Ba zan sake aiko kuɗi ba. Ba fushi ba ne kaɗai, babu ne. Ina nan zuwa ranar da na ce. Daga filin jirgi maƙabarta zan wuce. Abin da na tarar a can shi zai nuna ko gidanka zan sauka ko gidan Goggo.

Yudelka

*

Tamayo

'Yata,

Allah Ya yi miki albarka, Ya kawo ki lafiya.

Dutse ya hau. Ba marmara ba ne, ba mala'ika, amma fari ne, sunanta ya fito ras. Crecencio mai gini ne ya yi shi bashi. Ya ce, "Tello, da don kai ne ko bulo ba zan ba ka ba. Don Casilda ne." Kullum ina kwaɓa masa siminti daga safe zuwa azahar, har bayan Ista. Ya rantse in na yi fashin kwana ɗaya zai zo da baro ya ciro abinsa, kuma kin san Crecencio ba ya wasa.

Na share ɗakinki, ko da za ki sauka. In kin je maƙabarta ba ki gan ni ba, kada ki jira, ina wurin kwaɓa. Dutsen yana kanta, amma bai zama nata ba tukuna.

Babanki,
Eleuterio