Dokokin Malama Kausar

Asabar, 1 ga Agusta, 2015

Yau aka fara kwas ɗin kwamfuta. Na bar Maruta da sassafe, acaɓa zuwa Gwaram, daga nan motar Birnin Kudu. Kafin in isa cibiyar karatun ƙarshen mako ta jami'ar, gwiwoyina sun yi tsami. Shekarata arba'in da tara, goma sha ɗaya a ciki ina hedimasta, yau ga ni a benci kamar ɗan aji ɗaya. Ba don raɗe-raɗin da ake yi cewa za a sauke shugabannin makarantun da ba su da digiri ba, me zai kawo ni?

Malamar yarinya ce, sunanta Kausar, ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Daga gaisuwa sai ta raba mana takarda mai shafi biyu, wai dokokin kwas. Mako goma sha biyu za a yi, wanda ya rasa fiye da uku ba zai shiga jarrabawa ba. Tara da minti goma take rufe ƙofa. Jinga ta imel kaɗai, kafin ƙarfe huɗun Alhamis, ba ta karɓa ta hannu. Wanda ya kwafa ko ya ba wani ya yi masa, sifili. Karo na biyu sai gaban kwamiti. Ta ce kowa ya sa hannu a ƙasa.

Malam Buba na Yalwan Damai, wanda muke benci ɗaya, ya raɗa mini: "Wannan kwas ne ko takardar beli?"

Na sa hannu. Imel ɗin ma ba ni da shi.

Asabar, 8 ga Agusta

Kwamfuta goma sha biyu ke aiki, mu talatin da takwas. Da layi ya zo kaina na damƙi linzamin, kibiyar ta yi ta gudu a fuskar na'urar kamar tana tsorona. Malama ta zo ta bayana ta ce, "Baba, sassauta hannu, ba fartanya ba ce." Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

An buɗe mini imel. Kalmar sirrin na rubuta ta a cikin hulata.

Laraba, 12 ga Agusta

Jinga ta farko: rabin shafi a kan aikin da mutum yake yi, ya buga ya tura. Na tafi Gwaram shagon Iliyasu mai buga takardu. Awa guda ina farautar baƙaƙe da yatsa ɗaya, layi uku na samu, sai aka ɗauke wuta, komai ya tafi. Na zauna ina kallon baƙin gilashi.

Iliyasu ya ce, "Malam, kawo in rage maka wahala. 'Yan ajinku na wannan yankin duk ni nake yi wa."

Na miƙa masa takardar. Ga ciyawa ta ci ƙarfin gonar gero, ga hanya. Allah na tuba.

Asabar, 15 ga Agusta

Takwas cikin goma. Ban nuna wa kowa ba.

Asabar, 22 ga Agusta

Taya ta fashe mana a hanya. Tara da minti ashirin na iso, ƙofa a rufe. Na ƙwanƙwasa, ta leƙo ta taga. "Malam Sabo, kana iya saurare daga nan, amma na rufe rajista." Awa biyu ina tsaye a jikin taga da furfurata, ɗalibai suna wucewa suna kallona. Ɗaya cikin ukun da aka yarda a rasa ta tafi ke nan.

Duk hanyar dawowa ina shirya maganganun da zan gaya mata. Kafin Gwaram na gaji da su.

Talata, 25 ga Agusta

Jinga ta biyu, jadawalin sunaye da maki. Ban ko zauna ba, na ajiye wa Iliyasu na wuce.

Asabar, 29 ga Agusta

Asiri ya tonu.

Ta shigo ba fara'a. Ta ce fayil goma sha ɗaya ta samu da suka fito daga kwamfuta ɗaya, sunan mai ita na maƙale a jikinsu, kuma kuskure iri ɗaya a layi ɗaya. Ashe na'urar tana ajiye shaida, ba wanda ya gaya mana. Sannan ta ce, "Duk wanda ya san ba hannunsa ne ya yi ba, ya miƙe."

Ba wanda ya miƙe. Buba ya danne mini gefen riga. Shekara ashirin da shida ina faɗa wa yara wannan maganar, kusan kalma da kalma, ina jin haushin wanda ya noƙe. Na zare rigata na miƙe. Mutum uku suka biyo ni. Sauran bakwai ta kira sunayensu da kanta, har da Buba. Dukanmu sifili.

Bayan an tashi na same ta na ce, "Malama, ta farkon ma ba ni na yi ba." Ta buɗe littafinta ta soke takwas ɗin. Na ce to, biyu ke nan, sai kwamiti? Ta ce, "Yau na sani, don haka karo ɗaya ne. Amma Baba, kada a sake. Ba zan so in rubuta sunanka ba, kuma zan rubuta."

Buba a tasha: "Wa ya tambaye ka ta farkon? Kai dai ka cika neman suna."

Lahadi, 30 ga Agusta

Matata Lami ta ga na kasa cin tuwo. Ta ce, "Malam, in karatun nan zai kashe ka, ka bar musu kujerar. Da can da ba ka hedimasta, ba mu ci abinci ba?" Ba kujerar ce ta hana ni cin tuwo ba.

Asabar, 5 ga Satumba

Ruwan jiya ya cinye kwalbatin hanyarmu. Ko acaɓa bai fita ba. Biyu.

Litinin, 7 ga Satumba

Na hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis na kira ta, ko za ta ɗauke mini ta shekaranjiya. Ta jajanta, ta tambayi gonaki, sannan ta ce abin da ya sa aka bar uku ke nan, don irin wannan. "Saura maka ɗaya, ka riƙe ta da kyau." Na ce ni fa ba ni da inda zan koyi abin nan. Ta ce, "Baba, ka karanta shafi na biyu kuwa?"

Ban karanta ba. Na dawo na lalubo takardar. Ashe duk Asabar bayan lakca tana zama a ɗakin kwamfuta har la'asar, don duk mai son a nuna masa. Wata guda da kwanaki yana rubuce a aljihun jakata.

Asabar, 12 ga Satumba

Na tsaya. Mu uku kacal. Kwamfuta guda ni kaɗai, ba mai tsaye a kaina yana tsaki. Ta nuna mini yadda ake adana aiki tun kafin a yi nisa, saboda wuta. Sau biyar ta maimaita, ba ta ɗaga murya ba.

Ashe daga Kano take tasowa kowace Asabar, ta bar jaririya wurin mahaifiyarta. Na ga tana cin ɗanwake a kusurwa, a tsaye, tana duba agogo. Ita ma a gajiye take. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Wuyana kamar an ɗora mini buhu.

Alhamis, 17 ga Satumba

An koma makaranta, ga rajistar sababbin yara, ga jinga ta uku. Da aka tashi na tafi Gwaram. Na ce wa Iliyasu kujera kawai nake so, kada ya taɓa mini komai. Uku da minti arba'in na tura. Har na miƙe sai ya ce, "Malam, ambulan ka aika ba wasiƙa a ciki." Ban liƙa fayil ɗin ba. Na liƙa, na sake turawa. Huɗu saura minti huɗu ta tafi.

Asabar, 19 ga Satumba

Biyar cikin goma. A ƙasa ta rubuta gyare-gyare bakwai, sannan: "Wannan naka ne."

An sake kama Buba. Wannan karon wani shago ya kai a Birnin Kudu, yana ganin ya yi dabara.

Alhamis, 24 ga Satumba

Sallah. Ba lakca wannan makon. Na yi barcin rana kamar gawa.

Asabar, 3 ga Oktoba

Buba ya tare ni tun a bakin ƙofa. "Kai take jin maganarka yanzu. Ka roƙa mini ita, 'ya'yana tara." Na je. Na ce mata mutumin nan bai taɓa fashin aji ba, tsoron na'urar ne kawai, irin nawa. Ta ce ta sani, kuma za ta rubuta wa kwamiti haka, amma ba za ta janye ba. "In na janye nasa, me zan ce wa wanda ya zauna ya yi da kansa ya sami biyar?"

Ni ne mai biyar ɗin.

Asabar, 10 ga Oktoba

Kwamiti ya ce Buba ya maimaita kwas ɗin baɗi. Ba a kore shi ba, alhamdu lillahi. Ya wuce ni a tasha bai yi mini magana ba. Bencin ya yi mini faɗi.

Asabar, 17 ga Oktoba

Kawu Sada ya rasu da asuba, an kai shi da hantsi. Allah ya jiƙansa. Uku ta cika. Yanzu ko minti goma sha ɗaya na makara, shi ke nan.

Juma'a, 23 ga Oktoba

Na taho Birnin Kudu tun yau bayan Masallaci, zan kwana gidan ƙanin Lami. Na bar wake a gona ba a gama roro ba. Ba zan bar taya ko kwalbati su yanke mini hukunci ba.

Asabar, 31 ga Oktoba

Jarrabawa. Rabi a takarda, rabi a kan na'ura. Ana tsakiyar yi janareta ya mutu, aji ya ɗauki salati. Da wuta ta dawo na buɗe, aikina yana nan, na riga na adana. Tambaya ta ƙarshe ban kai gare ta ba.

Na gaji. Ko sunan kwamfuta ba na son ji sai baɗi.

Litinin, 7 ga Disamba

Sakamako ya fito. Na ci, da ƙyar, amma na ci. Na kira Buba in gaishe shi, ya ɗauka, mun yi maganar farashin riɗi. Ya ce zai koma.

Da tsakar rana Malama A'i mai aji huɗu ta shigo ofis, wai tana son shiga karatun ƙarshen makon nan, me na gani? Na zayyana mata komai: hanya, rufe ƙofa, tsayuwa a taga, sifili. Na ce wahala ce zalla, mai iyali ya yi tunani.

Ta miƙe za ta fita, sai na ji bakina yana cewa, in dai za ta shiga, ta yi ƙoƙari a sa ta ajin Malama Kausar.

Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Wataƙila gajiya ce.