Na'urar Layin da Na Mayar Bakin Baba

Litinin, 9 ga Yuni

Yaya ya bugo waya. Ranar Asabar 21 ga wata zai zo ya tafi da Baba gidansa. Wai can akwai fili, akwai mai kula da shi, ni kuma na rame, aikina ya koma rabin wuni. Na ce wa ya tambayi Baba? Ya ce, "Haba Auta, ta yaya za a tambaye shi?" Na kashe wayar kafin bakina ya ja mini.

Wata huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kashe wa Baba hannun dama, ta nauyaya masa harshe. Hankalinsa garau yake, yana karanta jarida, yana harara idan an yi shirme. Maganar ce kawai ba ta fita. Biro ba ya zama a hagunsa saboda rawa. Na gwada masa waya, yatsa ɗaya yana danna haruffa uku. Ni ce bakinsa a gidan nan, ko gira ya ɗaga na san abin da yake nufi. Amma Yaya ba zai karɓi fassarata ba, zai ce son raina na faɗa. Dole Baba ya faɗa da kansa cewa a wurina zai zauna.

Talata, 10 ga Yuni

Wani ofis ya turo mana tarkace shagon gyaran na'urori inda nake aiki, firintoci uku da suka mutu murus, da na'urar layi guda, irin wadda ake dannawa ta tofo 'yar takarda mai lamba. Tsayinta ya kai ƙirjina. Allonta faɗin tire, gilashin mai kauri, an yi shi ne don yatsun mutanen da suka gaji da jira. Na jona ta, ta ce, "Barka da zuwa, ɗauki lambarka ka jira." Na tsaya ina kallon allon, ina hango hannun Baba a kai.

Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ba ta san komai ba sai lamba. Idan na goge ta na zuba irin ta waya, zan sami haruffa manya-manya da wurin rubutu. Na roƙi Oga ya bar mini ita. Ya ce, "Injiniya, ɗauki, kin rage mini shara." Na-Sani, wanda muke benci ɗaya da shi, sai da ya tofa tasa. Wai manhajar waya a kan na'urar layi kamar ɗaura injin babur ne a keken ɗinki. Na ce to, in ya ga keken ɗinkin ya wuce shi a titi kada ya ɗaga hannu.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ta ƙi. Na zuba manhajar a filas, 'yar ma'adanar nan da ake soka wa kwamfuta, na sami kafar sakawa a ɓoye bayan murfi, amma ko kallon filas ɗin ba ta yi. Sau goma sha ɗaya na kashe na kunna, sau goma sha ɗaya tana ce mini in ɗauki lambata in jira. Na fara jin kamar da gangan take yi.

Jumma'a, 13 ga Yuni

Na same ta! Na kwance bayan gaba ɗaya, na bi fanel ɗin, wato farantin lantarkin da ke cikinta, da gilashin ƙara girma, na ga wasu ɗigo biyu na tagulla a gefe, ba rubutu a kansu. Masu ƙera ta sun bar wa kansu ƙofar baya. Na haɗa su da hantsaki, na ce Na-Sani ya kunna. Ya kunna yana tsaki. Allo ya yi baƙi, sai farin rubutu ya fara gudu. Ta karɓi filas.

Na yi ihun da ya fito da Oga daga ofis da cokali a hannu. Na-Sani ya ce sa'a ce. Na ce masa eh, sa'ar ce ta riƙe hantsakin.

Asabar, 14 ga Yuni

Manhajar ta zauna, na'ura ta tashi da fuskar waya. Na kawo ta gida, na kafa ta kusa da kujerar Baba. Sai dai allon ba ya jin taɓi, sautin ma shiru. Goggo, ƙanwar Baba, ta zo dubiya ta tarar da ni zaune a ƙasa cikin wayoyi. Ta ce me ya rage? Na ce direban allo nake nema. Ta ce, "To ai mijin maƙwabciyata direba ne, yana zaune ba aiki." Na yi dariya har da hawaye. Na yi mata bayani cewa 'yar ƙaramar manhaja ce da ke koya wa babbar yadda za ta yi magana da allon. Ta ce ita dai ta faɗa mini, mutumin kirki ne.

Baba ma kafaɗarsa tana rawa don dariya. Rabon da in ga haka an daɗe.

Litinin, 16 ga Yuni

Taɓi ya yi. Direban wani allo daban na aro, na canza masa layi biyu, ya kama. Amma da zuwansa ya birkice mini hoton. Komai ya juya kamar a madubi, rubutu yana tafiya daga dama zuwa hagu, kowane harafi ya ba ni baya. Inda ka ga harafi ka taɓa, shi ne zai fito, amma wa zai iya karantawa? Saura kwana biyar. Kaina ciwo yake.

Sauti kuwa na haƙura da shi. 'Yar firintar lambar tana aiki, na haɗa ta da wurin rubutun, abin da aka rubuta ta buga shi daidai a takarda.

Talata, 17 ga Yuni



Da la'asar na bar na'urar a kunne da haruffanta a birkice, na shiga kicin haɗa wa Baba shayi. Sai na ji ƙirrr, ƙarar firinta. Na fito da gudu, na zaci wani abu ya ƙone. Baba ya jawo kujerarsa gaba, hannun hagunsa a kan gilashin, 'yar takarda tana lilo a bakin na'urar.

Ni fa sakarya ce. Shekara arba'in Baba yana sassaƙa hatimi a shagonsa, kowane harafi a juye yake yanka shi don ya fito daidai a takarda. Abin da na kwana biyu ina kira matsala, shi ne rubutun da ya fi sani a duniya. Yatsansa yana tafiya daga dama zuwa hagu ba ko tsayawa.

Na yage takardar. Na zaci zan ga sunana, ko addu'a. Abin da ya rubuta:

BA NA SON MADARA.

Na ce, "Baba, ai kai kake gyaɗa kai kullum idan na zuba!" Ya sake dannawa. WUYANA NE KE RAWA.

Wata huɗu ina ɗura wa bawan Allah madara. Na zauna a ƙasa, dariya da kuka suka haɗe mini. Na zubar da shayin na dafa wani baƙi, ya shanye tas.

Laraba, 18 ga Yuni

Da safe na gano layin da ke juya hoton, na gyara, rubutu ya miƙe. Baba ya buga hannun kujera har sai da na mayar masa yadda yake. Na kai wa Na-Sani takardar madarar. Ya juya ta gaba da baya, ya ce firintar tana cin takarda da yawa.

Da na dawo na tarar da takarda tana jirana: INA LANKWASAR K DA D DA B. Wai ba zai rubuta ƙafa ta fito kafa ba, bai taɓa sayar wa kowa hatimi haka ba. Ragowar wunin nan kaf a kan haruffa uku ya ƙare, amma na sa su.

Alhamis, 19 ga Yuni

Takardu sun cika gwangwani. A RAGE FANKA. REDIYON NAN SURUTU NE. FILON YA YI TUDU. Duk abubuwan da nake yi ina cewa na san shi kamar tafin hannuna.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, idan na yi kuskure a kan madara da fanka da filo, me ya sa nake da tabbacin yana son zama da ni? Ban tambaye shi ba. Na'urar tana nan, tambayar kalma biyar ce, na kasa. Har na yi tunanin in zare waya ɗaya a ciki ranar Asabar, in ce wa Yaya ta lalace. Ba wanda zai gane. Na rubuta a nan ne don in ji kunyar kaina, kuma na ji.

Asabar, 21 ga Yuni

Yaya ya iso da hantsi, da mota da akwatin da za a zuba kayan Baba. Goggo ma ta zo. Ya ga na'urar ya ce, "Wannan kuma fa? Layi ake bi a gidan?" Ya durƙusa ya gaida Baba da ƙarfi, yadda mutane suke yi kamar kunnen ne ya shanye. Firinta ta yi ƙirrr. Na miƙa wa Yaya takardar ba tare da na duba ba.

INA JI. RAGE MURYA.

Yaya ya karanta, ya dubi Baba, ya sake karantawa. Ƙaton mutum, ya kifa kansa a gwiwar Baba yana kuka kamar an yaye shi. Goggo tana ta salati. Ni kuwa na tsaya ƙiƙam kusa da na'urata, ina jin kaina har rufin ɗaki.

Da ya natsu ya share fuska ya ce, "Baba, na zo ne in tafi da kai. Amma yanzu sai abin da ka ce. Wurina ko wurin Auta?"

Baba ya daɗe yana dannawa. Na kafa idona a ƙasa don kada in karanta kafin ya gama, ko da yake a juyen ma ba iyawa zan yi ba. Takarda ta fito doguwa. Goggo ce ta karanta, tana bin ta da yatsa.

KWANA A NAN. WUNI A SHAGONA. GAJERE YANA JUYA HARAFIN S TUN DA NA KWANTA, AN KAWO MINI ƘARA. KAI KA SAYI KUJERA MAI TAYA. AUTA TA KOMA AIKI CIKAKKE. NA GAJI DA GADI.

Gajere abokin sana'arsa ne, shekara talatin suna shago ɗaya. Yaya ya fashe da dariya ya ce an gama. Ya mayar da akwatinsa mota yadda ya zo da shi.

Na ci nasara, Baba yana nan. Amma kalmar gadin nan ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba.

Talata, 24 ga Yuni

Kujera ta iso jiya. Yau da safe muka kai Baba shago, shi da na'urar, na kafa ta kusa da bencinsa inda haske yake shigowa. Gajere ya rungume shi, Baba ya bar shi ya gama, sannan ya nuna hatiman da ke kan tebur a kawo masa. Biyu masu S a juye ya ture gefe.

Wata mata ta shigo tana son hatimin makaranta, ta tambayi Baba ko zagayayye ya fi ko mai kusurwa. Na san amsar. Wallahi na sani, har ta zo bakina. Na danne ta, na tsaya ina kallon yatsansa yana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya, matar tana jira, ni ma ina jira. Ya ce mai kusurwa. Ni zagayayye na so in ce.

Da ta fita ya bugo wata takardar ya miƙo mini da kansa. KIN MAKARA.

Na ɗauki jakata. Na gaya wa Gajere inda ake kashewa da inda ake sa takarda, ya ce ya ji, na sake gaya masa. Na isa wurin aiki tara saura, Oga ya dubi agogo ya dube ni. Har aka tashi sau ɗaya kawai na kira shagon, shi ma don in ji ko takardar ta isa ne.