Fasfon da Na Ɓoye Maka

Zuwa ga Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Amma shekara arba'in da ɗaya ban saba yin abu ban faɗa maka ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Takardun sun fito. Ranar Talata ɗanmu Abba ya kira ni daga Kanada, ya ce an ba ni izinin zama na dindindin. Ni kaɗai. Bayan rasuwarka sai da ya aika musu da shaidar mutuwa, suka cire sunanka, suka mayar da nawa sama. Ya ce ranar da ya cike wannan takarda kasa aiki ya yi, ya fita ya zauna a mota. Yau wata goma sha ɗaya ke nan da muka rabu da kai.

Gida lafiya. Na fita takaba tuni. Maƙwabtanmu na hagu sun sayar da gidansu, an rushe, ana gina otal, tun safe ƙarar injin kwaɓa siminti. Da kana nan da ka rubuta takardar koke. Malam Sani maigadi yana nan, har yanzu yana wanke motarka duk Juma'a, ko da yake babu mai hawa. 'Yarmu Sadiya tana zuwa daga unguwar Hotoro da yaranta duk ƙarshen mako.

Ka tuna yadda ka ɗauki maganar tafiyar nan? Ka sayi jaka ta musamman, ka jera komai a ciki: takardar haihuwar Abba, rantsuwar kotu ta aurenmu, hotuna, sakamakon gwajin lafiya. Da muka je Abuja ɗaukar hoton yatsu, a hanya ba ka da zance sai na tagwayen Abba, waɗanda ba ka taɓa gani ba sai a waya. Ka ce kai ba zama ya dame ka ba, so kake ka ɗora su a cinya ka koya musu Fatiha da bakinka.

To, ga abin da ban faɗa maka ba.

Lokacin da suka ce fasfona ya kusa ƙarewa, sai na sabunta kafin a ci gaba, na ce maka na kai, ana aiki. Ban kai ba, Alhaji. Wata bakwai yana cikin gidan nan. Abba ya roƙi ƙarin lokaci har sau biyu. Kai kuma kullum kana faɗan ma'aikatan da ba su san abin da ake ciki ba, har ka ce za ka je da kanka, na hana ka, na ce hawan jininka zai tashi. Kafin in kai shi da gaske, gwajin lafiyarmu ya wuce wa'adi, aka ce a sake. Muna jiran wannan ne ka faɗi a falo.

Saboda Yaya Rabi na yi. Ka san ita ta riƙe ni bayan rasuwar Inna, ita ta kawo ni ɗakinka. Tun da idonta ya tafi take zaune da mu, ni ke ɗiga mata magani, ni ke gaya mata kalar zanin da ta ɗaura. Na tambayi Abba ko za a saka ta a takardun, ya ce dokar ƙasar ta ba shi damar ɗaukar uwa da uba ne kawai, yayar uwa ba ta ciki. Kai ka ce Sadiya za ta riƙe ta, magana ta ƙare. Me ya hana ni in buɗe baki in ce ba zan iya ba? Ba ka taɓa tilasta mini komai ba. Ina ganin na ji kunyar in rage maka murna ne, sai na zaɓi hanyar da ta fi muni. Na ɗauka jinkiri kawai nake sayowa. Ban san iya lokacin da ya rage maka ke nan ba.

Na san ajali ba ya jiran biza. Malamai sun faɗa, ni ma na yarda. Amma da na kai fasfon a kan lokaci, da wataƙila ka ga yaran nan kafin ranar ta zo. Wannan lissafin shi ne ba ya barina.

Shekaranjiya na shiga ɗakin Yaya Rabi na faɗa mata komai. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ai a akwatinta na ɓoye fasfon, ƙarƙashin zannuwanta, kuma makanta ba ta hana hannu ganewa. Ta ce ta yi zaton sanyin ƙasar nake tsoro, ko barin gida, shi ya sa ta rufa mini asiri. Da ta san dominta ne, da ita da kanta za ta miƙa maka shi. Ta yi mini faɗa sosai, irin wanda rabona da shi tun ina budurwa. Ta ce kada in sake jingina mata wani abu, ta gaji da zama dalili. Jiya ta sa Sadiya ta zo ta fara kwashe mata kaya.

Don haka zan tafi. Akwai ranar da suka sa wadda dole in shiga ƙasar kafin ta wuce, Abba ya yanki tikiti, saura mako uku. Gidan za a rufe shi, Malam Sani zai ci gaba da kula da shi. Abba bai san maganar fasfon ba. Ba zan faɗa masa a waya ba, sai na zauna a gabansa. Ban san yadda zai ɗauka ba. Shi ne ya yi shekaru yana cike takardu don ya ga mahaifinsa a gidansa.

A asibiti, ranar da ka ɗan farfaɗo, ka riƙe hannuna ka ce ka yafe mini duk abin da na yi maka, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Na samu dama a lokacin, na bar ta ta wuce, na ce ni ma na yafe. Har yau ina tambayar kaina, da ka san wannan, za ka saka shi a ciki? Ina zaton za ka saka. Amma da na so in ji daga bakinka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a inda ba a tambayar kowa takarda.

Taka har kullum,
Binta