Saƙon Inna a Kan Hular Kwano

Ƙofar Taramniya, Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Jelani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na soja. Allah ya tsare gabanku da bayanku. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa barka da kanta, 'yarka Kausar kuwa ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a tsakar gida.

Dalilin rubutowa shi ne Inna ta ba ni saƙo, kuma sai da muka kai ruwa rana a kansa. Ranar Juma'a da la'asar yara suka kunna wani fim na yaƙin sararin samaniya, ta zauna kallo da carbinta. Sojojin ciki sun rufe jiki ruf da sulke, kai har ƙafa, amma da an feso musu wani haske daga bindiga sai su zube kamar buhunan gero. Jarumin kuwa kansa a buɗe, ko hula babu, ko ƙwarzane bai samu ba. Inna ta ajiye carbi ta ce ta gano bakin zaren: hular kwanon ce ke jawo wuta. Wai in rubuto maka maza ka cire taka.

Na yi dariya, sai na ga idonta ya cika da ƙwalla. Na san ka, Jelani, ba ka taɓa tsallake maganarta ba, ko waya ta yi maka sai ka cire. Na ce mata wasa ne ake shiryawa, ta ce gani ya kori ji. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Mai gidana Mansur ne ya raba gardamar washegari. Ya ce mata ita hular ba ta da laifi. Jarumin an bar kansa a buɗe ne don 'yan kallo su ga fuskarsa, su kuma waɗancan an rufe tasu don kada kowa ya ji tausayinsu in sun faɗi. Nan Inna ta ce to a sauya saƙon.

Ga shi yadda ta faɗa. Ta ce fuskarka ba ta 'yan kallo ba ce, tata ce. Ka rufe ta, ka ɗaure igiyar a haɓa ko zafi zai dafa ka, ka kawo mata ita gida ta cire hular da hannunta.

Matarka Shamsiyya da Kawu Sirajo suna gaishe ka. Ka gaida abokinka Ɗanladi. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka,
Sadiyatu