Ƙashin Malam Bai Riƙe Ba

Ƙofar Galadima, Zariya
4 ga Sha'aban

Suhail,

Ka karanta da kyau, kada ka kawo mini dogon Turanci. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya.

Tun watan jiya ka dasa wa mahaifinka ƙusoshi a muƙamuƙi, har yau ba ka ɗora musu haƙoran ba. Shekara ashirin da bakwai yana jan baƙi a tafsirin masallacin unguwa. So kake ya zauna gaban jama'a da wawulo? Shi ba zai roƙe ka ba. Ni kuwa umarni nake ba ka: kafin azumi.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka

Kaduna
8 ga Sha'aban

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba.

Na auna ƙusoshin da na'ura. Ƙashin ƙasa mai tauri ne, ya riƙe gam, awonsa saba'in da biyar. Na sama kuwa sakayau ne kamar soso, hamsin da biyu kawai. Sai ya ƙara wata uku. Idan aka ɗora masa nauyi yanzu, yana iya saki.

Amma tunda kin ce, ina tafe ranar Asabar in ɗora haƙoran.

Ɗanki,
Suhail

Ƙofar Galadima
12 ga Ramadan

Suhail,

Ya ibada?

Shekaranjiya da la'asar, ana tsakiyar karatu, haƙoran saman suka fara rawa. Da hannu a baki ya ƙarasa ayar, ya dawo gida da jini a rawani. Yanzu Malam Sagiru ke jan baƙi. Mahaifinka yana zaure, ba ya iya cin komai sai kunu. Idan lasifikar masallaci ta ɗauka, sai in ga leɓensa na bin karatun. Bai ambaci sunanka ba, bai ambaci nawa ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Laifina ne. Kai ma da naka: ka ga awo da idonka, ka zaɓi gudun ɓacin raina.

Ka zo ka duba shi. Allah ya kawo ka lafiya.
Innarka

Daga yau a gidan nan, duk wanda ya san abu da iliminsa, ya tsaya ya ce mini a'a, ko da ni na haife shi.