Wanda Ya Taka Miliyan Uku

Litinin, 3 ga Fabrairu

Saƙon kamfanin da ke riƙe mana zaurenmu na intanet ya shigo ina tsaka da guga a shago. Ranar 31 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma, za su rufe duk tsofaffin zaurukan hira da ke kan injinansu, har da namu. Sun ba da haƙuri sau uku a cikin layi huɗu. Saura kaɗan in ƙona wuyan rigar mutane.

Shekara ashirin da biyu ke nan da na buɗe Zauren Layi, don irina masu shiga jirgin ƙasa su tafi garin da ba su san kowa ba saboda kawai akwai filin lilo a can. Kowa ya je ya dawo ya rubuta: layin jiran hawa lilo kaza minti nawa, wanne aka gyara, wanne ya tsufa. Da mun kai mu dubu huɗu. Yanzu mu bakwai ne, ƙaraminmu ya ba hamsin da biyar baya. Injiniya, wanda ya gina mana zauren, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ni shara kawai na iya, ban iya gini ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na manna sanarwa a saman shafi. Mutum biyar sun amsa. Kowa "mun gode, Mai Gadi", "sannu da ƙoƙari, Mai Gadi". Kamar ana mini ta'aziyyar kaina.

Baba Doki bai amsa ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Dusar ƙanƙara ta rufe Niigata, ban fita ba. Na zauna ina karanta rahotanninsa na baya. Doki Na Bakwai, haka ya sa wa kansa, saboda a kowane fili ya je sai ya ƙirga dawakan katako masu zagayawa ya hau na bakwai. Kowace Lahadi, shekara goma sha tara, rahoto iri ɗaya: "Dawakai, minti biyar. Babban lilo, minti ashirin. Jirgi mai hawa da gangara, ban hau ba, ba kuma zan hau ba." Na ƙarshe ranar 17 ga Nuwamba ne. Daga nan shiru.

Na aika saƙo ta adireshin imel ɗin da ya yi rajista da shi tun 2005. Ya dawo mini a take.

Talata, 11 ga Fabrairu

Auduga ta kira daga Osaka. A wayata ma Auduga na rubuta, don ban san wani suna ba, kuma alewar auduga ce abincinta duk filin da muka je.

Ta ce, "Ke Mai Gadi, shekara goma sha tara kina cin dafaffen ƙwan bawan Allah, ba ki san sunansa ba?"

Na ce ke kin sani?

"Ni na rubuta dokar? Tabɗi. Je ki karanta saman shafinki, 'yar nan."

Ba sai na karanta ba. Doka ta ɗaya: ba a tambayar suna, ba a tambayar gari, ba a tambayar sana'a. Ni na rubuta ta ina da shekara talatin da shida, lokacin mijina yana kiran abin nan wasan yara a gaban baƙi. Kuma da ita aka zo. Wane babban mutum ne zai so a ji a ofishinsu cewa shi kaɗai yake zuwa hawan dokin katako?

Abin da na sani: hularsa ruwan ƙasa. Ƙwai a ƙulle a hankici, gishiri a 'yar takarda. Yana kirana "ranki ya daɗe" don ya ba ni haushi. Shekarar da aurena ya mutu, a taronmu na filin Hamakaze, ya zauna kusa da ni a babban lilo muka yi zagaye uku, ina kuka, bai tambaye ni komai ba. Da muka sauko ya miƙo mini ƙwai.

Wannan duka na sani. Garinsa ban sani ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ban share zaure ba yau. Babu abin sharewa.

Alhamis, 6 ga Maris

Wani abu. Ban so in rubuta don kada in sa rai.

A ƙasan shafinmu akwai lambar ƙidayar baƙi, duk wanda ya buɗe sai ta ƙaru da ɗaya. Ni ta ƙofar baya nake shiga, inda ake ganin lokacin da aka buɗe amma ba a ganin ko wane ne, kuma shigata ba ta shiga lissafi. Mu kaɗan ne yanzu har na san sawun kowa: Auduga da asuba, malamin nan na Sendai lokacin abincin rana, haka dai. Amma akwai wani sawu da ba na kowa ba. Goma da kwata na safe, kullum, sau ɗaya. Na koma baya na duba. Tun tsakiyar Janairu yake zuwa. Ba ya rubuta komai.

Juma'a, 7 ga Maris

Goma da minti sha shida.

Na gaya wa Auduga. Ta ce, "Ko inji ne, irin masu yawon nan suna leƙa shafukan mutane." Na ce inji ba ya makara minti ɗaya. 

Litinin, 10 ga Maris

Lambar tana 2,999,815.

Auduga ce ta kawo dabarar, ni ba zan taɓa tunaninta ba. Al'adarmu tun farko: duk wanda ya buɗe shafi ya ga cikakkiyar lamba, dubu ɗari ko miliyan, to ya taka ke nan, dole ya rubuta ya ce shi ne. Wanda ya taka ya wuce shiru muna ce masa taka-ka-gudu, kuma babu abin kunya irin wannan a wajenmu. Baba Doki ya fi kowa zafi a kai. Lokacin da aka taka miliyan biyu ba a faɗa ba, wata guda yana mita, har ya rubuta cewa wanda ya yi haka zai iya tsallake layi a gaban tsohuwa.

"To mu ɗana masa," in ji Auduga. "Mu kai ta saura ɗaya, kowa ya janye ƙafarsa. In shi ne, ko a kabari yake sai ya yi magana."

Na ce kada ki ƙara cewa kabari.

Laraba, 19 ga Maris

Na sanar da sauran ta waya, ba ta zaure ba. Kowa ya yarda. Malamin Sendai ya ce shekara ashirin yana fatan miliyan uku ta faɗo kansa, amma ya bari.

Aiki ya yi yawa, duk iyaye sun kawo kayan bikin kammala makaranta. Ina guga ina ƙirga lamba a kaina.

Litinin, 24 ga Maris

Da safe saura goma sha biyu. Auduga ta buɗe ta rufe har sau goma sha ɗaya, abin da a da zan kori mutum a kansa. Ƙarfe goma saura biyar ta tsaya a 2,999,999. Na ce wa mai shago cikina na ciwo, na shiga ɗakin ajiya da wayata.

Goma da kwata. Goma da rabi. Sha ɗaya.

Bai zo ba. Wata biyu bai fasa ko rana ɗaya ba, sai yau.

Talata, 25 ga Maris

Bai zo ba.

Makon ƙarshe na zauren, kuma ni da bakina na hana kowa shiga. Mutum biyar suna zaune a gidajensu da bankwanan da suka tanada, ba damar rubutawa. Shekara ashirin da biyu, ga yadda na ƙarasa shi: kango, da ni a ƙofar baya ina gadin lamba ɗaya.

Laraba, 26 ga Maris

Malamin Sendai ya kira, cikin ladabi, wai har zuwa yaushe. Na ce gobe. Ban san me ya sa na ce gobe ba.

Auduga ta ce, "Ko dai ya gano mu ne? Ranar Lahadi ya ga lambar ta matso. Tsohon nan ba wawa ba ne." Na ce in ya gano, me zai sa ya guje ta? Mutumin da ya fi kowa son takawa.

Ban ci abinci ba. Shinkafar tana nan a tukunya tun jiya.

Alhamis, 27 ga Maris

Goma da minti sha bakwai lambar ta juya. 3,000,000. Na kira Auduga, muka zauna kowa da wayarta a kunne muna jira. Minti goma. Rabin awa. Babu rubutu.

Ta ce a hankali, "Ba shi ba ne, Mai Gadi. Shi ba ya gudu."

Na koma kan guga. Na goge riga goma sha huɗu ban san launin ko ɗaya ba. A raina na riga na binne shi, har na fara jin haushin kaina da na ɓata wa mutane kwana uku saboda inji.

Biyar saura minti goma, ina ɗaure kayan wata mata, na leƙa don sabo kawai. Ga shi:

"na taka. doki 7. hannun dama ya tafi. baki ma. hagu nake koyo. ina gani kullum. ban gudu ba ranki ya dade"

Awa shida da rabi. Awa shida da rabi yana neman haruffa da hannun da bai taɓa rubutu da shi ba, don kada a ce ya taka ya gudu. Shi ya sa ya ɓuya kwana uku. Ya san abin da lambar za ta nema a wajensa, mu kuma muka ɗana masa ita muna ganin mun yi wayo.

Matar ta ga hawaye a idona ta ce lafiya? Na ce tururi ne.

Juma'a, 28 ga Maris

Yanzu ya fi muni. Da ina tsoron ya dawo ya tarar da ƙofa a rufe bai san dalili ba. Ashe ya sani, tun Fabrairu yake karanta sanarwata kowace safiya. Yana kwance a wani wuri, a wani gari, wani yana ɗora masa allo a gaba ƙarfe goma da kwata, kuma ran Litinin zai buɗe a karo na ƙarshe.

Sauran sun cika zauren da gaisuwa. Babu wanda ya tambaye shi inda yake. Ko Auduga mai baki. Shekara ashirin da biyu na horar da su, sun horu.

Asabar, 29 ga Maris

Na goge doka ta ɗaya. A gurbinta na rubuta: "Baba Doki, sunana Hanabusa Tokiko. Ina guga a shagon wanki a Niigata." Na sa adireshin gidana duka, har lambar ɗaki. Na ce ba sai ya rubuta a nan ba, ya nuna wa duk wanda ke kusa da shi.

Auduga ta kira tana dariya tana jan hanci. "Tokiko? Ke? Ni duk zatona wani suna ne mai ban tsoro." Ta ce ita Sumire. Bai dace da ita ba ko kaɗan, na gaya mata.

Lahadi, 30 ga Maris

Goma da kwata ya zo. Bai rubuta ba.

Litinin, 31 ga Maris

Goma da kwata ya zo. Babu komai.

Na ɗauki hutun rabin rana. Na zauna gaban kwamfuta da shayi har ya huce. Ƙarfe biyar daidai na sake buɗewa, sai farin shafi da layi ɗaya: ba a sami wannan adireshi ba. Lambar ƙarshe 3,000,094. Na sunkuyar da kai na ce na gode, kamar yadda muke yi wa lilo ranar da za a cire shi. A ɗaki ni kaɗai, ina gaida farin shafi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Yatsana har yanzu yana zuwa wurin da kansa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Akwatin wasiƙa: tallan gidan abinci. Na daina dubawa sau biyu, sau ɗaya ya isa. Wataƙila babu wanda ya nuna wa. Wataƙila ya ga na karya dokar ya ji kunya a madadina, halinsa ne.

Litinin, 14 ga Afrilu

Kati ya zo. Tambarin gidan wayar Yamagata, awa uku da wani abu a jirgi, duk shekarun nan. Adireshin da kyakkyawan rubutun wata ne, ta sa a ƙasa: daga Nagamine Isao, ɗaki na 204, gidan jinya. A baya kuwa rubutun kamar na ɗan aji ɗaya, layukan suna gangarawa:

"Likita, minti arba'in. Wanka, minti sha biyar. Matakala, ban hau ba. Zan hau."

Na karanta a tsaye a bakin ƙofa da takalmi a ƙafata. Isao. Na faɗa da ƙarfi sau biyu, bai zauna a bakina ba tukuna.

Zaure dai ya tafi, ba abin da zai dawo da shi, kuma ni na gaji, na faɗa na ƙara. Kawai dai da na fita sayen kifi na biya ta gidan waya, kuma katunan a ɗaure suke guda ashirin-ashirin, ba zan ce su kwance mini ɗauri don ɗaya ba, sai na sayi ɗaurin duka. Layin gidan waya minti shida ne. Na rubuta a bayan hannuna don kada in manta kafin in isa gida.